Littafin Baba Arzika da Ruwan Agege

Kwanakin baya wani matashi mai shagon ɗaukar hoton takardu ya tsaya a bakin rumfata yana kallona ina ɗinke wani tsohon littafi. Ya kalla, ya kalla, can ya ce, "Baba, ai da ni ka kawo wa wannan, kafin ka gama alwala na maƙale shi da 'yar waya na shafa gam." Ban tanka masa ba, saboda zare ne a bakina. Amma maganar ta tsaya mini a rai, don na san ba shi kaɗai ke ganin haka ba. Ku yaran yanzu gani kuke ɗinkin littafi da sayar da shi aikin wanda ya rasa abin yi ne, ya samu inuwa ya zauna yana gyangyaɗi. To ku matso in gaya muku yadda muka yi ta a Agege, ko kwa rage raina mu.

Na sauka Ikko ba da daɗewa ba bayan samun mulkin kai, ina saurayi, na biyo fataken goro daga Zariya. Aikina na farko ɗaurin huhu ne a Zangon Agege, a jera goro cikin ganye a ɗaure tamau, a loda a jirgin ƙasa zuwa Arewa. Na ɗan taɓa elemantare a gida, ina karanta boko ba gargada, kuma wannan ne ya haɗa ni da Malam Bawa. Shi Bakatsine ne, baduku tun asali, yana da rumfa kusa da layin dogo, a gaban gidan wata Bayarabiya mai suna Iya Sikira. Da can tadarishi yake yi wa malamai, kwalayen nan biyu masu fata da ake sa warwarar takardun karatu a tsakaninsu. Da littattafan Hausa na boko suka fara zuwa daga Arewa, sai ya haɗa da sayar da su da ɗinke waɗanda suka yage. Matsalarsa ɗaya, ido ya fara yi masa gardama, ƙananan baƙaƙen boko kuwa ba sa jin lallashi. Wata rana ya ji ni ina karanta wa 'yan dako jarida, ya sa aka kira ni. Ya ce in zan iya zama wuri ɗaya kamar mutum, zai koya mini sana'a.

Aikin da ya fara ba ni damun kunu ne, kuma na kusa shekara ban wuce nan ba. Kunun liƙi nake nufi, na garin rogo. Ba a dama shi da ruwa zalla. Sai an tafasa ganyen dogon-yaro har ruwan ya yi ɗacin da ba ya lasuwa, a jefa ɗan alif, sannan a dama a kan wuta kaɗan-kaɗan har ya yi yauƙi ba gudaji. Na ɗauka wahalar da ni kawai tsohon yake yi, sai da wani ɗan garinmu ya zo ya kafa tebur a can gaba, yana dama nasa yadda ake yi a gida, yana yi mana dariya. A gida iska a bushe take, littafi ya yi shekaru ba abin da ya taɓa shi. Nan kuwa Kurmi ne. Kafin damina ta raba, kyankyasai sun gayyato 'yan uwansu sun cinye masa bangon kowane littafi, abin da suka rage fumfuna ta rufe. Ya tattara teburinsa ya koma sayar da turare.

Kayan aikinmu ba su da yawa, kuma babu na kanti a ciki sai allura. Akwai basilla ta huda, da zare mai ƙwari wanda sai an ja shi a kan kakin zuma kafin ya shiga takarda, in ba haka ba danshi ya cinye shi. Akwai wuƙar fiɗar fata, da ƙashin haƙarƙarin saniya da Malam Bawa ya goge ya yi sumul, da shi ake ninke takarda a kwantar da ita. Sai matsi, katakai biyu masu kauri da ake sa littafi a tsakani, a ɗora tsohon dutsen niƙa a kai. Fata kuwa ta akuya ce ja, daga hannun masu fatu na mayanka muke samu. Ranar da ya fara barina na riƙe basilla, sai da ya sa na huda tsofaffin jaridu har yatsuna suka yi kanta.

Ba na manta wani littafi da wani mahauci ya kawo mana, yana huci. Labarin wani madugu ne da ayarinsa a kan hanyar Gwanja, irin mai 'yan fashi da ƙetare koguna. Da littafin ya warware masa, sai ya kai wa tela ya bi ta kansa da keken ɗinki. Littafi kuwa kashi-kashi yake, kowane kashi takardu ne a ninke cikin juna, kuma telan bai duba wane ke bin wane ba. Mahaucin ya ce, "Malam, ka ji mini wannan iskanci. Jiya ɗana ya karanta mini an binne madugu, na yi ta jimami har na kasa cin tuwo. Yau kuma ga shi nan garau ana ɗaura masa aure!" Malam Bawa ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Da mutumin ya tafi sai ya miƙo mini littafin ya ce in karanta shi daga farko har ƙarshe kafin in taɓa zare. Tun daga ranar ban taɓa ɗinke littafin da ban karanta ba, shi ya sa na san tarihin garuruwan da ban taɓa takawa ba.

Sayarwar ma sana'a ce daban. Yawancin masu sayen littattafanmu ba su iya karatun boko ba. Mahauta ne, da 'yan dako, da fataken goro, da masu gadi 'yan ƙasar Nijar. Saboda haka kullum bayan la'asar sai a shimfiɗa tabarmi a gaban rumfa, in hau benci in buɗe littafi. Dabarar ita ce ka san inda za ka tsaya. In jarumi ya zare takobi, ko ƙofar gari ta fara girgiza, sai ka rufe littafi ka ce makogwaro ya bushe, sai gobe. Nan za ka ji ana, "Haba Malam Garba, ka ji tsoron Allah!" Wanda haƙurinsa ya gaza sai ya saya ya kai gida ɗansa ɗan makaranta ya ƙarasa masa. Kowa kuma da abin da yake so. Mahauta sun fi son yaƙi da dawaki. Fatake sun fi son labarin ayari, suna gyara wa marubuci sunayen zangon da ya kuskure. Akawuna su ne masu sayen manyan littattafan tarihi masu taswira, su zo su tsaya a kanka suna musu. Matan aure ma suna aiko dillaliya, su kuma sharaɗinsu kada a ba su wanda jarumi zai mutu.

Da ido ya ƙi gaba ɗaya, Malam Bawa ya koma Katsina. Ya bar mini rumfa da kayan aiki, ya kama hannuna ya kai ni gaban Iya Sikira ya ce ga ɗansa nan. Ba takarda, ba shaida. Ita kuma ta riƙe ni a haka har ta bar duniya. Allah ya jiƙansu su biyun, don duk abin da na ci a sana'ar nan ta hannunsu ya biyo.

A cikin masu zaman tabarma akwai Baba Arzika, wani dogon tsoho Bagobiri daga Nijar, mai zube har kunne, yana gadin wata masana'anta a Ikeja. Shi da Iya Sikira ba sa haɗuwa ba a yi tsiya ba, don Gobirawa da Yarbawa abokan wasa ne tun kaka da kakanni. Ta hango shi ta ce, "Ga bawana nan ya zo gaishe ni." Shi kuma ya ce, "Ke baiwa, ina ruwan da munka ce ki aje muna?" Ta kawo masa ruwan tana zaginsa, ya sha yana ramawa.

Littafi ɗaya Baba Arzika ya taɓa saya, wani ƙato na tarihin garuruwan yammacin ƙasar Hausa da yaƙe-yaƙensu. Ya saye shi ne don a ciki aka ambaci garinsu, har da sarautar kakansa, wanda ya riƙe ɗaya daga ƙofofin gari ranar da aka ci su da yaƙi. A ɗakin gadi ba shi da wurin ajiya, sai ya bar shi a wurina, lokaci-lokaci ya ce in ɗauko a karanta wa jama'a. An karanta shi ya fi a ƙirga. Sai dai marubucin ya ba da labarin ranar ne daga bakin waɗanda suka yi nasara, ya ce kafin hantsi masu tsaron ƙofa sun watse. Duk sanda na iso wurin, tsohon sai ya sunkuyar da kai yana wasa da carbi. Alhaji Tanko mai kilishi kuwa, haifaffen Agege wanda kakanninsa ke cikin rundunar da ta ci garin, sai ya gyara zama ya ce, "Oga Garba, ɗan maimaita wurin nan, ban ji sosai ba."

Shekarar da ta fi ba ni wuya ita ce wadda kowa yake cewa ta arziki. Kuɗin mai ya shigo, an yi wa ma'aikata ƙarin albashi, kowa ya sayi rediyo mai kaset ya rataya a kafaɗa. Rabin masu zaman tabarmata suka koma silima. Ko'ina ka duba a Ikko siminti ne da tifa, ana ta fasa hanyoyi. A can gida kuma fari ake yi, shanu na faɗuwa, mutanen Nijar na ta kwararowa neman abin kai wa baki. Cikin wannan hali aka aiko wa Baba Arzika cewa yayansa ya rasu, shi ne babba yanzu, sai ya koma ya riƙe gida. Ya zo ya same ni ya ce, "Malam Garba, ni za ni gida, kuma ba ni dawowa. Abin da na samu a Ikko duka na aika an ci. Littahin ga ɗai ya rage. Ka yi mai riga ta jar hwata, wadda za ta kai jikokina, in kai musu su ga sunan gidansu cikin boko." Ya ce wani direba ɗan garinsu zai kawo albasa kasuwar Mile 12, in ya sauke zai koma da shi a mako mai zuwa.

Na karɓi aikin da hannu biyu. Na cire tsohon bango, na yanke tsohon zare, na jera kashi-kashi na sa a matsi don su kwanta kafin in ɗinka. Matsi a ƙasa yake zama saboda nauyin dutse, kuma tun zamanin Malam Bawa ruwa bai taɓa hawa dandamalin rumfar ba. Abin da ban lura da shi ba, masu aikin sabuwar hanya sun zuba jar ƙasa sun toshe babbar kwatar da ke bayan layinmu. Ranar Juma'a muna masallaci aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kafin a sallame mu fito, layinmu ya zama kogi.

Na iso rumfa ruwa na dukan cinyata. Na tarar Iya Sikira da matan gidanta sun kwashe abin da ke kan kantoci sun kai ɗaki, ita kuma tana tsakiyar ruwa, zani a ɗaure a ƙirji, tana tsamo takardu da kwando. Dutsen niƙa ya zame, katakan matsi sun taso, littafin Baba Arzika ya watse yana yawo tare da na wasu mutane da na kwance. Na tsaya kamar an dasa ni. Ta daka mini tsawa ta ce, "Garuba! Kallo ka zo yi? Kama kwando, jo!"

Ku gane abin da ke gabana a ranar. Hajata da ta jiƙe ba ita ce damuwata ba, haja ana sake sarowa. Littafin da aka kawo ɗinki amana ne, kuma a Zango in aka ce wane ya salwantar da amanar tsoho baƙo, ba mai sake miƙo maka ko yagaggen kalanda. Ban da wannan ma, da wane ido zan dubi mutumin da ya ce mini shi ke nan abin da zai kai gida? Tsoro ya kama ni ƙwarai, ban ɓoye wa kowa ba.

Jiƙaƙƙen littafi ba a shanya shi a rana, takardar ƙanƙancewa take yi ta karye. Ba a kuma barinsa a dunƙule, don fumfuna ba ta jira. Sai an bi shi ganye-ganye da ƙashin haƙarƙari ana ɗagawa a hankali, a sa busasshiyar takarda a tsakani ta tsotse ruwan, sannan a ba shi ɗumi kaɗan. Ni kaɗai ba zan iya ba ko da zan yi wata. Kafin in nemi kowa, sai ga Alhaji Tanko da yaransa ɗauke da gadajen da suke gasa kilishi a kai in damina ta hana rana. Ya ce, "Kasuwa ta jira. Ina za mu kafa?" 'Yan dako suka bazama wurin masu aikin hanya suka kwaso buhunan siminti da aka juye, muka yayyage muka kakkaɓe, takardarsu kuwa ba abin da ya kai ta shan ruwa. Wani mai wanki da guga ya kawo dutsen gugarsa na gawayi. Da ruwa ya janye muka kafa a zauren Iya Sikira, garwashi a ƙasa can nesa, takardu a sama, kowa na juyawa. An daɗe bayan nan littattafaina suna ƙanshin kilishi, har masu saye na cewa tarihin Malam Garba yunwa yake sawa.

Washegari Baba Arzika ya taso daga gadi ya tarar da mu a haka. Na tashi zan yi masa bayani, bai jira ba. Ya dubi takardun da ke shanye, ya dube ni, ya cire takalmi ya zauna ya ce a nuna masa yadda ake juyawa. Ko Iya Sikira ba ta tsokane shi ba ranar.

Da takardu suka bushe sai wata wahalar ta taso. Lambar shafi a kusurwar ƙasa take, kuma nan ne ruwa da laka suka fi ci. Ga shi takardun littattafan duka faɗinsu ɗaya, baƙaƙensu iri ɗaya, sun cakuɗe. Ni na karanta su duka, gaskiya ne, amma mai karatu rabin hankalinsa na kan wanda zai saya, mai sauraro shi ke haɗiye labari ɗungurungum. Sai na hau benci ina ɗaukar ganye ɗaya-ɗaya ina karanta layin farko. Wani ya ce, "Wannan na madugu ne, bayan sun haye kogi." Wani ya ce, "A'a, wannan na Baba Arzika ne, inda aka naɗa sabon sarki, yana bin wancan na yunwa." A yi musu, a daidaita, in duba ƙarshen jimla da farkon ta gaba in ga sun haɗu. Haka muka bi har littafin tsohon ya tashi tsaye, da farkonsa da ƙarshensa. Kashi ɗaya ne babu, daga tsakiya. Mun tsamo shi, amma ya riga ya zama kunu a gindin kwando. Kuma shi ne kashin da ke ɗauke da ranar da aka ci garinsu.

Na shiga neman wani kwafin kamar mahaukaci. Na hau motar haya ta danfo na je Ajegunle wurin wani mai tebur, na je Obalende, na je Ketu wurin wani akawu da na san ya taɓa saye, ya ce ya ba da aro ba a dawo da shi ba. Wani mai sarowa daga Arewa ya ce an daɗe da daina buga shi. Motar albasa kuwa ta iso, ana saukewa, kuma direba ya aiko cewa ba zai kwana biyu yana jiran littafi ba.

Dabara ɗaya ta rage mini. Na tara mutanen tabarma na ce tunda duk mun san abin da ke wurin, su taya ni tunawa in rubuta da hannu in ɗinka a ciki. Ashe faɗa na tono. Alhaji Tanko ya ce, "Abu mai sauƙi. Rubuta, kafin hantsi masu tsaron ƙofa suka watse." Wani Bagobiri mai gadi ya miƙe ya ce ƙarya ne, cin amana aka yi aka buɗe ƙofa daga ciki, kuma in za a rubuta a rubuta gaskiya. Alhaji ya ce gaskiyar wa, shi abin da ke cikin littafi ya sani. Murya ta hau murya, mutanen da suka kwana biyu suna juya takarda tare suka koma nuna wa juna yatsa. Ni kuma alƙalami a hannu na rasa ta yi. In na rubuta yadda littafin ya faɗa, da hannuna na rubuta wa tsoho abin da ke sunkuyar masa da kai. In na rubuta yadda 'yan garinsu ke so, na sa wa marubuci maganar da bai yi ba.

Iya Sikira ce ta leƙo daga ƙofa ta buga murfin tukunya. Ta ce, "Kai, ku rufe mini baki a gidana! Littafin naku ne? Ku bar bawana ya yi magana."

Baba Arzika ya ɗago kai ya ce, "Malam Garba, kana da hwarar takarda?"

Na ce akwai.

Ya ce, "To aje alƙalami. Auna kaurin abin da ruwa ya ci, ka sa hwarar takarda daidai shi, ka ɗunke. Kak ka rubuta komi. Wanda ya yi littahin ya hwaɗi nashi, ruwa ya ɗauka, ba kai ka ɗauka ba. Ni ban riƙe ka da komi ba."

Na ce, "Baba, in an kai gida aka buɗe aka ga wuri fari fa?"

Ya ce, "Ai ina nan. Ba mutuwa za ni yi a hanya ba, in Allah ya so."

Ban taɓa yin ɗinkin da na natsu a kansa kamar wannan ba. Na yanka fararen takardu na ninke su da ƙashi, na jera su a gurbinsu, na huda, na bi da zare mai kaki kashi bayan kashi. Na fiɗe jar fata har ta yi laushi kamar ƙyalle, na ja ta a kan kwali, na kwantar da kusurwoyi. Har gobe in na tuna mutanen nan sai in ji ban gode musu yadda ya kamata ba. Sun bar kasuwarsu saboda takardun da ba za su iya karantawa ba, shi kuma tsohon ya mayar mini da sunana a gaban jama'a lokacin da kalma ɗaya daga bakinsa ta isa ta rufe rumfar.

Ranar da zai tafi, direba ya ce sai bayan magariba za su ɗaga, don haka Baba Arzika ya ce a yi masa karatun sallama. Bayan la'asar tabarmi suka cika har bakin hanya, har waɗanda silima ta ɗauke sun dawo. Na hau benci na buɗe littafin a sabuwar rigarsa, na fara daga inda runduna ta taso. Na karanta yadda suka yi zango, da yadda suka kewaye gari, har na iso ƙarshen shafi inda aka ce gari ya waye, an buga tambari. Na juya, sai fari.

Sai muka ji muryar tsohon daga kan tabarma. Ya ce, "Kakata, wadda ta ga ranar da idonta, ta ce min da asuba mata sunka ɗebo ruwa sunka kai bakin ganuwa."

Ya ci gaba a hankali, ba ya duban kowa. Ya faɗi yadda aka sa wa rumbuna wuta, hayaƙi ya rufe gari har ba a ganin mutum. Ya faɗi yadda kakansa ya tsaya a ƙofar yamma da mutane 'yan kaɗan har rana ta karkata, ba don yana zaton za su ci ba, sai don a samu a fitar da mata da yara ta fadama. Ya ambaci waɗanda suka faɗi a ƙofar da sunayensu, ɗaya bayan ɗaya, har da wani makaho mai busa ƙaho da ya ƙi tafiya. Ban san lokacin da hannuna ya fara juya fararen shafukan ba, ina bin maganarsa kamar ina karantawa. Da tsohon ya kai inda kakarsa ta waiwaya daga cikin fadama ta ga ƙofar ta faɗi, Alhaji Tanko ya shafa fuska ya ce, "Allah ya jiƙansu duka, da naku da namu." Jama'a suka ce amin.

Baba Arzika ya goge ido da bakin rawani, ya dube ni ya ce, "Malam Garba, nawa ya ƙare. Ɗauki naka."

Na juya farar takarda ta ƙarshe, na ci gaba da karatu daga inda tawada ta dawo.